Fashin baƙi: Wa ke zaɓar wa matashi aikin da zai yi kafin ya shiga sojan Amurka?

Shin matashin da zai shiga sojan Amurka shi ke zaɓar aikin da zai yi a cikin kaki, ko kuwa duk abin da aka miƙa masa sai ya karɓa? In kuma yana da zaɓi, me kawunsa ko yayarsa ko gwaggonsa za su iya yi masa kafin ya sa hannu?

Tambayar ta ƙara yawo a bakin mutane tun shekarar 2022, lokacin da rundunar sojan ƙasa ta Amurka ta nemi sababbin sojoji 60,000 amma ta tashi da giɓin kusan 15,000. A shekarar ce rundunar ta ɗaga kuɗin garaɓasar da take bai wa wasu masu shiga har zuwa dala 50,000, talla ta cika intanet, jami'an ɗaukar soja suka ƙara ƙaimi a makarantun sakandare. Gidan da ke da yaro mai shirin gama sakandare a can, haifaffen ƙasar ne ko mai katin zama na dindindin, da wuya a ce maganar ba ta shigo ba.

Amsa biyu aka fi ji. Wasu su ce, "Soja ai soja ne, bindiga za a ba shi a tura shi fagen daga." Wasu kuma su ce, "Aikin kwamfuta zai zaɓa ya zauna a ofis, su biya masa kuɗin jami'a." Kowane ɓangare ya kama gefe guda ne. Zaɓi akwai shi, sai dai an kewaye shi da sharuɗɗa, kuma yawancin sharuɗɗan suna cika ko su kuɓuce makonni kafin ranar da yaron zai zauna gaban mai raba aiki. Dangin da ba su sa baki ba sai ranar sa hannu, sun makara.

Bari a kawar da wani ruɗani tun da wuri: ba a ɗaukar kowa daga wata ƙasa. Sai ɗan ƙasa ko mai katin zama na dindindin, wato girin kad. Rundunar ba ta ba da biza, ba ta kuma sayar da fom. Duk wanda ya ce a turo masa kuɗi zai shigar da yaro sojan Amurka daga waje, ɗan damfara ne.

Me ake nufi da fannin aiki?

Tun 1973 Amurka ta daina tilasta wa matasa shiga soja. Daga nan dole ta koma lallashi, kuma babban abin da take lallashi da shi shi ne alkawarin koyar da sana'a. Shi ya sa tsarinta ya bambanta da na ƙasashen da ke da aikin soja na dole, irin su Koriya ta Kudu, inda ra'ayin matashi bai cika nauyi ba.

Kowane ƙaramin soja yana da fannin da aka horar da shi a kai, kuma kowane fanni da lambarsa. Sojan ƙasa da rundunar Marin, wato dakarun da ke kai farmaki daga teku zuwa tudu, suna kiransa MOS, sojan sama AFSC, sojan ruwa kuma suna da nasu sunan. A sojan ƙasa kaɗai fannonin sun haura 150. Mai lamba 11B shi ne dakaren da ke gaba da bindiga. 68W mai ba da agajin jinya a fagen fama. 88M direban manyan motoci, 91B makanike, 92G kuku, 25B mai kula da kwamfutoci da sadarwarsu, 15T mai gyaran jirgi mai saukar ungulu samfurin Black Hawk. Mafi yawan sojoji ba a fannin harbi suke ba, suna bayan fage ne suna ɗaukar kaya, suna gyara, suna ciyarwa, suna rubutu.

Albashi ba ya bin fanni. Kuku da mai gyaran jirgi, in muƙaminsu ɗaya shekarunsu ɗaya, albashinsu na asali ɗaya ne, sai ɗan alawus da ake ƙara wa wasu kamar masu dira da laima ko masu jin wani harshe. Abin da fanni ke yankewa ya fi albashi girma: tsawon horo, sansanin da za a iya tura mutum, yawan watannin da zai yi nesa da iyali, saurin samun ƙarin igiya, irin lahanin da jikinsa zai kwasa, da abin da zai riƙe a hannu ranar da ya tuɓe kaki.

Duk wannan maganar ta ƙananan sojoji ce. Hafsoshi hanyarsu daban, sai da digiri da takardar zama ɗan ƙasa. Yaron da ke mafarkin tuƙa jirgin yaƙi ya sani matuƙa hafsoshi ne, in ban da wata ƙofa a sojan ƙasa da ke bai wa marar digiri damar koyon tuƙa jirgi mai saukar ungulu, ita ma da gasa mai zafi.

Kowace runduna da irin alkawarinta

Rundunoni shida ne, kuma ba su ba da zaɓi iri ɗaya. Sojan ƙasa su suka fi bayyana abu a fili: ana rubuta lambar fannin a cikin kwantiragi kafin mutum ya tafi horo. Rundunar Marin ta fi yi wa mutum alkawarin rukuni, misali gyaran jirage ko sadarwa, sannan ita ta zaɓa masa takamaiman aiki a cikin rukunin. Sojan sama sukan ce a jero ayyukan da ake so a jira gurbi, wani lokaci kuma a tafi da buɗaɗɗen kwantiragi a samu aiki ana cikin horo. Sojan ruwa suna ba da fanni, amma suna da tsarin shiga ba tare da fanni ba, inda matashi zai iya shafe dogon lokaci yana kankare tsatsa da shafa fenti a jirgi kafin ya samu gurbi. Masu tsaron gaɓar teku ma da yawansu haka suke farawa, su jira layin makarantar sana'a. Ta shida, rundunar sararin samaniya da aka kafa a 2019, ƙarama ce ƙwarai, guraben ta kaɗan ne.

A ganina buɗaɗɗen kwantiragi shi ne abin da ya fi cancanta dangi su tsaya a kansa. Akwai waɗanda suka shiga da shi suka dace, amma ma'anarsa ita ce yaron ya miƙa wa runduna zaɓinsa, ita kuwa inda take da giɓi za ta cusa shi.

Jarrabawar da ke buɗe ƙofa ko ta rufe

A nan ne dangi za su fi amfani, a nan ne kuma aka fi sakaci.

Duk mai son shiga sai ya rubuta jarrabawar ASVAB, wadda aka fara amfani da ita a 1968, duk rundunonin kuma suka rungume ta a 1976. Tana da sassa da dama: lissafi kashi biyu, sanin kalmomi, fahimtar rubutu, kimiyya, lantarki, sanin mota da kayan aikin hannu, fahimtar yadda injina ke aiki, da haɗa siffofi. Daga sassa huɗu, wato lissafin biyu da na harshen biyu, ake fitar da makin da ake kira AFQT, daga 1 zuwa 99. Wannan maki ba kashi cikin ɗari na amsoshin da aka ci ba ne. Wanda ya samu 60, ana nufin ya yi daidai da kashi 60 cikin ɗari na matasan da aka auna jarrabawar da su a 1997, ko ya fi su. A sojan ƙasa an daɗe ana ɗaukar 31 a matsayin mafi ƙarancin makin shiga ga mai takardar sakandare.

Kuskuren da ake yi shi ne a ɗauka cin 31 ya wadatar. Wannan makin shiga ne kawai. Ayyukan kansu da wasu makunan ake raba su, waɗanda ake haɗawa daga sassa daban-daban. Aikin lantarki yana duba lissafi da kimiyya da lantarki. Aikin makanike yana duba sanin mota da injina. Akwai kuma wanda sojan ƙasa ke kira GT, haɗin harshe da lissafi, wanda 110 a cikinsa ke buɗe ƙofofi masu yawa, har da neman zama hafsa daga baya. Yara biyu za su iya cin jarrabawar rana ɗaya, a nuna wa ɗaya ayyuka rututu, ɗayan kuma a nuna masa uku ko huɗu.

Ga abin da ya shafi 'ya'yan baƙi musamman. Da Turanci kaɗai ake yin jarrabawar, kuma rabin makin shiga daga sanin kalmomi da fahimtar rubutu yake fitowa. Yaron da ya iso ƙasar yana ɗan shekara 15, mai kaifin lissafi, zai iya faɗuwa ƙasa saboda kalmomin da bai taɓa cin karo da su ba. Sashen mota da kayan aiki ma yana tambayar sunayen abubuwa, wanda ya iya kwance inji da hannunsa amma bai san sunan sassan da Turanci ba, zai yi asarar maki a banza. An kuma daɗe ana yin jarrabawar ba kalkuleta, yaran yanzu kuwa da yawa sun manta raba lamba da biro da takarda. Duk waɗannan abubuwa ne da wata biyu ko uku na karatu ke gyarawa, littattafan shirin jarrabawar kuma suna nan a ɗakunan karatu na gwamnati kyauta.

Ana iya maimaitawa: bayan wata guda, sai bayan wani watan, daga nan sai an jira wata shida. Amma makin ƙarshe ake ɗauka, ba mafi girma ba, don haka maimaitawa ba shiri caca ce. Wanda makinsa ya yi tsalle da 20 ko fiye cikin ɗan lokaci, za a sake gwada shi don a tabbatar shi ya rubuta. Makin kuma yana aiki har shekara biyu, saboda haka babu dalilin gaggawa.

Jami'in ɗaukar soja zai so a rubuta jarrabawar a makon nan. Ba lallai mugunta ce ba, shi ma an ɗora masa adadin da zai kawo. Sai dai ribarsa ita ce yaron ya shiga, ribar yaron kuwa ita ce ya shiga da maki mai kyau, biyun ba kullum suke haɗuwa ba. Babban ɗan'uwan da ya iya cewa, "A'a, a ba shi wata uku ya yi karatu tukuna," ya yi rabin aikin.

Likita, takardar ɗan ƙasa da masu bincike

Shinge na biyu gwajin lafiya ne a cibiyoyin da ake kira MEPS, guda 65 a faɗin ƙasar. Wani binciken ma'aikatar tsaron Amurka na 2020 ya nuna kashi 23 cikin ɗari kacal na matasa 'yan shekara 17 zuwa 24 ne za su cancanci shiga ba tare da an yi musu sassauci ba. Ƙiba, rashin lafiya da ƙwaya su ne manyan dalilai.

Ko wanda ya tsallake, gwajin na iya rage masa ayyuka. Mutum zai girma bai san idonsa ba ya bambance ja da kore ba, sai ranar da aka buɗe masa littafin ɗigo-ɗigo masu launi aka ce ya karanta lambar da ke ciki. Daga nan aikin lantarki, gyaran jirgi da wasu da dama sun fita daga lissafi. Raunin ji ma haka. Gwajin ido wurin likitan gari tun kafin a je, zai hana yaro gina buri a kan aikin da ba zai samu ba.

Tun 2022 cibiyoyin suna amfani da wata manhaja da ke janyo tarihin asibiti da magungunan da aka taɓa rubuta wa mutum. Shawarar da tsofaffin sojoji kan bayar a da, wai a yi shiru a kan asma ko karayar yarinta, yanzu jefa yaro cikin rami ce. Ɓoye ciwo laifi ne da kan jawo kora, alhali ciwon da aka bayyana sau da yawa ana iya neman sassauci a kansa.

Shinge na uku shi ya fi cin 'ya'yan baƙi. Ayyukan leƙen asiri, tsaron intanet, fassarar harsuna da yawancin na sadarwa suna buƙatar izinin ganin bayanan sirri, ba a kuma bai wa wanda ba ɗan ƙasa ba. Mai girin kad, ko da ya ci 90, waɗannan a rufe suke gare shi. Gaskiya ne aikin soja na hanzarta samun takardar zama ɗan ƙasa, amma kafin ta fito ya riga ya sa hannu a kan wani fannin na shekaru. Idan saura kaɗan yaro ya samu takardar ta hanyar da aka saba, jira na iya zama mafi alheri. Wanda kuma ya riga ya zama ɗan ƙasa, fom ɗin binciken zai tambaye shi danginsa da ke ƙasashen waje, tafiye-tafiyensa, fasfo na biyu in yana da shi, da bashin da ake bin sa. Samun dangi a waje ba ya hana izini kai tsaye, amma yana tsawaita bincike, kuma in izinin bai fito ba, sai a sauya masa aiki zuwa wanda runduna ke buƙata.

Ranar sa hannu

Yawanci akan kwana a otal, a tashi da asuba, a wuni ana layi: awon jini, awon fitsari, awon ido da kunne, tafiyar agwagwa a tsugune cikin gajeren wando don likita ya ga gwiwa da idon sawu. Sai can da rana, ga gajiya ga yunwa, a kira yaro ofishin mai raba aiki. Wannan jami'in daban yake da wanda ya yi ta zuwa gida yana gaisawa da iyaye. Zai juyo da fuskar kwamfuta ya nuna ayyukan da makin yaron ya kai, waɗanda kuma akwai gurbin horonsu a lokacin. Aikin da aka yi wata uku ana magana a kansa zai iya kasancewa ba ya ciki.

A nan ake jin, "Wannan babu shi yanzu, amma ga wani kusan irinsa," ko "Karɓi wannan, in ka shiga sai ka canza." Yaro ɗan shekara 18 da aka tarbiyyantar da kada ya musa wa babba, ga mutum cikin kaki yana jiran amsa, ga sauran yara suna ta rantsuwa a ɗakin gaba, da wuya ya ce a'a. Alhali yana da cikakken ikon ya ce zai koma gida ya jira, babu wanda zai kama shi. Wannan jumlar ya kamata a koya masa a gida har ta zauna a bakinsa. A kuma sa shi ya tafi da ayyuka biyar zuwa goma da ya yarda da su a rubuce, don wanda ya tafi da guda ɗaya tak, in babu shi, sai ya rikice ya karɓi ko mene ne.

Takardar kwantiragin, DD Form 4, ta faɗa da manyan baƙaƙe cewa duk alkawarin da wani ya yi wa mutum wanda ba ya cikinta ko cikin takardun da aka liƙa mata, ba shi da inganci kuma ba za a cika shi ba. Fanni, garaɓasa, sansanin farko, horon dira da laima, muƙamin farawa, in ba a rubuce suke ba, babu su. Takardar ta kuma ce dokokin albashi da alawus na iya canzawa ba tare da an sanar da shi ba.

Sai maganar shekaru. Yaro zai ce, "Baffa, shekara huɗu ce kawai." A doka takwas ce. Huɗun farko yana bakin aiki, sauran kuma sunansa na cikin jerin 'yan ko-ta-kwana da za a iya kira in buƙata ta taso. An kira irinsu a yaƙin Iraƙi, an kuma riƙe dubban sojoji bayan wa'adinsu ya cika a lokacin yaƙe-yaƙen Iraƙi da Afganistan. Wanda bai kai 18 ba, sai iyaye sun sa hannu, wannan kuwa dama ce ta karanta kowane shafi.

Garaɓasa: me ya sa ake biyan ta?

Runduna ba ta ba da kuɗi don kyauta. Tana ɗora garaɓasa a kan aikin da mutane ke gudu, ko wanda horonsa ke da wuya, ko kwantiragi mai tsawo, ko tafiya horo cikin gaggawa. Dala 50,000 ɗin 2022 ta masu sa hannun shekara shida ce a wasu zaɓaɓɓun fannoni. Ana cire haraji, ba a biya sai an gama horon sana'a, babba kuma kashi-kashi ake ba da ita. Wanda ya kasa cika sharaɗi ana iya bin sa ya mayar. In aka raba kuɗin a kan watanni 72, sai a ga bai kai ya sa mutum ya ɗauki aikin da ya tsana ba. In aikin da yake so ne ya zo da ita, madalla.

Akwai aikin da babu haɗari?

Uwa ko gwaggo, abin da za ta fara tambaya ke nan, kuma tana da gaskiya. Haɗarin dakaren gaba ya fi na akawu, wannan ba musu. Amma ranar 23 ga Maris 2003, ayarin da aka yi wa kwanton ɓauna a Nasiriyya ta Iraƙi har aka kashe sojoji 11, na rukunin gyaran kaya ne mai lamba 507, makanikai da kuku da masu kula da sito. Jessica Lynch da aka kama a harin akawun kaya ce. Direbobin manyan motoci sun sha bama-baman gefen hanya a yaƙin. A Janairun 2024, sojoji uku da jirgi marar matuƙi ya kashe a wani sansani a Jodan, 'yan rukunin injiniyoyi ne na sojojin ko-ta-kwana. Mai agajin jinya kuwa tare da dakarun gaba yake tafiya, da bindigarsa.

Akwai kuma lahanin da ba ya shiga labarai. Ƙarar kunne da ba ta ɗaukewa ita ce kan gaba a cikin larurorin da ake biyan tsofaffin sojojin Amurka diyya a kansu, masu aiki kusa da jirage da manyan bindigogi sun fi kamuwa. Gwiwa da baya na dakarun da ke ɗaukar kaya masu nauyi kan tsufa kafin mai su. Tun 2016 aka buɗe wa mata dukkan fannonin yaƙi, don haka wannan lissafin ya shafi 'ya mace ma.

Bayan an tuɓe kaki

A nan manya suka rabu biyu. Wasu sun ce a zaɓi sana'ar da za ta ciyar da mutum a waje. Wasu, musamman tsofaffin sojoji, sun ce a bar yaro ya yi abin da ba zai taɓa samu a farar hula ba, tunda tallafin karatu na jiransa. Dokar tallafin da aka zartar a 2008 tana bai wa wanda ya yi wata 36 a bakin aiki cikakken kaso na kuɗin karatu na wata 36, ba ruwanta da fanninsa. Dakaren da ya gama shekara huɗu zai iya shiga jami'a ya karanta injiniya kamar kowa. Hujja ce mai ƙarfi, amma ga yaron da zai yi karatun. Wanda tun sakandare aji ke gundurar sa, gara ya fito da sana'a a hannu.

Ita ma sana'ar ba kai tsaye take tsallakawa ba. Mai agajin jinya yana yin mako 16 a Fort Sam Houston da ke Texas, ya iya abubuwan da nas ɗin gari ba ta taɓa yi ba, amma takardar da yake fita da ita ta matakin farko ce ta ma'aikacin motar asibiti, albashinta kaɗan. Mai gyaran jirgi sai ya ci jarrabawar hukumar sufurin sama ta ƙasa, wadda ke neman gogewar wata 30 ga mai son cikakken lasisi, kafin kamfanin jirage ya ba shi matsayin da ya dace. Direban soja yana samun sassaucin gwajin tuƙi wajen neman lasisin manyan motoci. Ɓangaren nukiliya na sojan ruwa yana kai mutum ga aiki mai tsoka, amma kwantiraginsa shekara shida ne, makarantarsa kuma mai wuya ce. Masu koyon harsuna a makarantar Monterey ta California kan yi har mako 64 a kan Larabci ko Sinanci. Doguwar makaranta alama ce ta cewa runduna na zuba jari a kan mutum, ita ce kuma inda aka fi faɗuwa, wanda ya faɗi kuwa ba gida ake mayar da shi ba, wani fannin ake ba shi, ba tare da an tambayi ra'ayinsa ba.

Tambayar da ta dace ba "wane aiki ne ke da kasuwa" kaɗai ba ce. A tambayi wace takarda ce aikin ke bayarwa, kuma wa ke karɓar ta a waje.

Ina iyakar ɗan'uwa?

Jarabar da ke kama babba ita ce ya zaɓa da kansa. Kawu ya ga tsaron intanet na da kuɗi, sai ya tura yaron da ba ya iya zama wuri ɗaya na minti ashirin. Shi zai kwana a gidansa, yaron ne zai tashi kullum shekara huɗu ko shida yana aikin a ɗakin da babu taga. Soja kuwa ba ya ajiye aiki don ya gaji da shi.

Abin da ya fi amfani shi ne tambaya. Maimakon "me kake so ka zama", a ce, "Ɗana, rana ta yau da kullum, ba ranar yaƙi ba, me kake so a same ka kana yi?" Bidiyon talla yana nuna dira daga jirgi, ba ya nuna sharar bariki, gadin dare, ƙirgar kaya da wanke mota, waɗanda su ne mafi yawan kwanakin dakaren gaba a lokacin zaman lafiya. Kuku yana tashi tun kafin asuba, yana aiki ranar hutu. Sojan ruwa kan yi wata shida ko fiye a teku. A nemo wanda ya yi ainihin wannan fannin cikin 'yan shekarun nan a haɗa su, don wanda ya bar aiki shekara ashirin da suka wuce, labarin wata rundunar yake bayarwa. A ziyarci ofishin runduna fiye da ɗaya, makin jarrabawar duk suna karɓarsa. In zai yiwu babba ya raka shi ofishin ɗaukar soja ya zauna ya yi shiru, sai in an yi alkawari ya ce, "Ranka ya daɗe, a wane shafi za a rubuta wannan?"

Idan yaron na da damuwa ta addini ko ta zuciya game da ɗaukar rai, a yi maganar yanzu. Kowane soja, har kuku, ana koya masa harbi, ana kuma iya tura shi inda bai zaɓa ba. Dokokin gemu da lulluɓi ma sun sha canzawa, a nemi wadda ke aiki a lokacin a rubuce.

Bayan rantsuwar farko yawanci ba a tafiya nan take. Ana shiga tsarin jira da kan iya kaiwa kwana 365, a wannan tsakanin ana iya neman canjin fanni in gurbi ya buɗe, ana kuma iya janyewa baki ɗaya ta hanyar rubuta takarda. Jami'i zai nuna ɓacin rai, wani ma ya yi barazana, amma a aikace ana sallamar masu janyewa. Ranar tafiya horo ake rantsuwa ta biyu, daga nan dokar soja ta hau kan mutum. Canjin fanni bayan haka yawanci sai wa'adin farko ya kusa cika, sai kuma in fannin da yake ciki yana da rarar mutane, wanda yake nema kuma yana da giɓi.